An Tafi da Shi? Ku Bi Shi, Ku Bi Takardarsa!

Mutanen Garwa, na Hausare da Fulɓere da Rumde Aja da Yelwa, da ku nake. Mutanen Marwa da Ngaundere, da Gider da Mokolo da Mora da Kusiri, ku ma ku matso kusa. Ku ba ni aron hankalinku. Maganar ta gida ce, kuma ba ta jiran gobe.

Maganar 'ya'yanmu ce da ke ɗaure. Musamman waɗanda aka ɗauke daga kurkukun garinsu aka kai wani gari, ko wata jiha, wani lokaci ma wata ƙasa. An tafi da su, mun yi kuka, mun koma gida mun zauna. To wannan zaman ne nake kira mu tashi daga cikinsa.

Kun san yadda abin yake zuwa. Uwa ta tashi tun asuba ta tuƙa tuwo, ta ɗaure kwano da ɗankwali, ta hau mashin zuwa ƙofar kurkuku. Ta bi layi cikin zafin nan na Garwa. Da layi ya zo kanta, ganduroba ya buɗe littafi, ya bi sunaye da yatsa, ya ɗago kai.

"Ba ya nan, Inna. An tafi da shi."

"An tafi da shi ina, ɗana?"

"Jiya da dare aka kwashe su. Sai dai ki tambaya a ofis."

Ofis a rufe. Ta juyo da kwanonta a cike.

Daga wannan safiyar hukuncin ɗanta ya fara sauyawa. Alƙali bai sake zama ba. Babu wanda ya karanta sabon hukunci. Amma shekara 3 da aka yanke tana iya zama 4. Ƙarar da zai ɗaukaka tana iya mutuwa a hanya. Ragin da ya cancanta yana iya wuce shi. Dalili ɗaya ne: mutum ya hau mota, dosiyensa ya kwana a durowa.

Kada a fahimce ni baibai. Doka ta ba hukuma ikon sauya wa fursuna wuri, kuma wani lokaci cunkoso ne ke tilasta hakan. Gidajen yarin Kamaru an tanade su don mutum wajen 20,000. Waɗanda ke ciki sun haura 30,000, fiye da rabinsu kuma ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Kurkukun Marwa na mutum 350 ne. A 2015, da kame-kamen Boko Haram suka yi yawa, an cusa fiye da mutum 1,200 a ciki, kuma ƙungiyar Amnesty ta ƙirga mutum 40 da suka mutu a can tsakanin Maris da Mayu na shekarar. Wanda ya ga haka ba zai ce kada a rage mutane ba. A rage. Amma a rage da lissafi. A rage da takarda. A rage da sanin dangi.

Ku saurara ku ji ta inda kwanakin suke ƙaruwa, don wanda ya san ƙofar da ɓarna ke shigowa shi ke iya tare ta.

Sashe na 53 na kundin hukunta laifuka ya ce duk zaman da mutum ya yi yana jiran shari'a, a cire shi daga hukuncinsa. Duka. A ce an kama yaro, ya yi wata 14 a kurkukun Garwa kafin alƙali ya yanke masa shekara 3. Wata 36 ke nan, a cire 14, saura 22. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Amma a kai shi wani kurkuku ba tare da takardar farko da aka tsare shi da ita ba. Magatakardan can bai san shi ba, bai san ranar da aka kama shi ba. Abin da ke gabansa ranar hukunci ce kawai. Daga nan zai fara ƙirga. Wata 14 na rayuwar ɗanku sun bi iska. Damina guda da rani guda da ɗori! Wa zai dawo masa da su? Wanda ya riƙe kwafin takardar nan a gida, ya kai ta da ƙafarsa.

Sai ɗaukaka ƙara, nan ma ku natsu. Kwana 10 doka ta bayar daga washegarin ranar hukunci. Kwana 10 kacal! Bayan an shigar kuma, akwai kwana 15 na kawo dalilai a rubuce. A ce an yanke hukunci ranar Litinin a Garwa, ranar Alhamis an ɗauke shi zuwa Colire ko Poli. Bai iya Faransanci ba. Ba shi da biro, ba shi da takarda, bai san kowa ba. Dangi suna can suna neman inda yake. Kafin su gano, kwana 10 sun cika, ƙofa ta rufe. Alhali doka ta yarda ɗaurarre ya miƙa ƙararsa ta hannun shugaban kurkukun da yake ciki. Wa ya gaya masa? Ko ma an shigar da ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara tana Garwa, shi yana wani gari. Ranar zama ta zo, ba mota, ba mai, ba mai rakiya. A ɗage. Wata ya zagayo, a sake ɗagewa. Mutum ya tsufa yana jiran a kira sunansa.

Akwai kuma wanda ya fi ci mini rai, shi ne ɗaurin bashi. Mutum ya gama shekarunsa cif, ya naɗe tabarmarsa, sai a ce masa akwai tara da kuɗin shari'a da ba a biya ba. Sashe na 564 na kundin tsarin shari'ar laifuka, wanda ya fara aiki a 2007, ya jera kwanakin. Bashin da bai wuce sefa 10,000 ba, kwana 20. Wanda ya haura 40,000 zuwa 100,000, wata 6. Wanda ya haura miliyan 5, shekara 5. Ku duba da kyau. Wata 6 na ɗan Adam a kan kuɗin da bai kai na ragon layya ba! Kuɗin kuma a kotun da ta yanke hukunci ake biya. Rasit yana Garwa, mai shi yana Ngaundere. In ba wanda ya ɗauki rasit ɗin ya kai, biyan bai amfane shi da komai ba. Ku kuma riƙe wannan: doka ta hana irin wannan ɗauri a kan yaron da bai kai shekara 18 ba, da dattijon da ya haura 60, da mace mai ciki. In kun ga an riƙe ɗaya daga cikinsu a kan tara, ku yi magana. Doka tana bayanku.

Ragin hukunci ma haka. Ranar 15 ga Afrilu 2020, lokacin annobar korona, Shugaba Paul Biya ya sa hannu a dokar ragi mai lamba 2020/193. Hukuncin kisa ya koma ɗaurin rai da rai, rai da rai ya koma shekara 25, wasu kuma aka rage musu shekaru. An ware wasu laifuka, irin su ta'addanci da satar dukiyar gwamnati. Ragin na waɗanda shari'arsu ta ƙare ne, kuma daga dosiye ake lissafa shi. Wanda dosiyensa bai cika ba, wanda takardar hukuncinsa ba ta biyo shi ba, yana kallo abokan ɗakinsa za su fita su bar shi. In aka sake yin wani ragin gobe, takardar ɗanku a shirye take?

Ku bi shi. Ku bi takardarsa.

Kada wani ya ce da ku bin ba ya haifar da komai. Ku tuna Ahmed Abba. Kun san muryarsa, wakilin sashen Hausa na RFI ne. Ranar 30 ga Yuli 2015 aka kama shi a Marwa. Ba a bar shi a Marwa ba. Aka wuce da shi Yawunde, fiye da kilomita 1,000 daga gida. Ya yi wajen wata 3 ba lauya, ba dangi, ya kuma ce an azabtar da shi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014, dokar da ke iya kai mutum ga kisa. Ranar 24 ga Afrilu 2017 aka yanke masa shekara 10.

Da an yi shiru, da shekara 10 ɗin zai yi. Ba a yi shiru ba. Lauyoyinsa suka ɗaukaka ƙara a kan lokaci. Gidan rediyonsa bai daina kiran sunansa ba. 'Yan jarida a ciki da wajen ƙasa suka tsaya masa. Ranar 21 ga Disamba 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhuma mafi nauyi, ta mayar da hukuncin wata 24. Shi kuwa ya riga ya yi wata 29. Washegari ya fito. Shekara 10 ta koma 2, 'yan'uwa! Mutumin bai sauya ba, dokar ba ta sauya ba. Abin da ya samu shi ne lauya mai bin takarda da jama'a masu kiran suna.

To ɗan mai shayi fa? Ɗan mai kifi na bakin Binuwai fa? Makiyayin da aka kama a kasuwar shanu fa, wanda ko takardar haihuwa ba shi da ita? Ba shi da gidan rediyo. Mu ne gidan rediyonsa. Mu ne lauyansa na farko.

Mun kuma san abin da ke faruwa idan ba mai bi. Tarihin yana nan a ƙofar gidanmu. Colire, a Mayo Rai, wajen kilomita 200 daga Garwa. Zamanin Ahmadu Ahijo can ake kai 'yan siyasa a ajiye su ba shari'a, marubuci Albert Mukong yana cikin waɗanda suka zauna a can. Daga baya aka riƙa kwaso ɗaurarru daga nesa ana kai su kurkukun Colire ta biyu. A 1992 Amnesty ta ba da rahoton cewa har mutum 70 ne suka mutu a wurin saboda yunwa da rashin magani. An raba su da masu kai musu abinci, an raba su da masu tambayar lafiyarsu. Ku kuma tuna Magdeme da Duble, a Mayo Saba. Ranar 27 ga Disamba 2014 aka kwashe maza da samari fiye da 200 zuwa Marwa. Hukuma ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare a daren farko. Fiye da 130 kuma iyalansu sun shafe shekaru suna tambayar inda suke. Ko a bayan zaɓen 12 ga Oktoba 2025 an kama mutane da yawa a Garwa da wasu garuruwa. Ko wane ɓangare mutum yake, uwarsa tana da haƙƙin ta san inda ɗanta ya kwana.

Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Sashe na 37 na kundin tsarin shari'ar laifuka ya ce wanda aka kama a ba shi damar tuntuɓar iyalinsa da lauya da likita. Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce a ajiye fursuna kusa da gidansu gwargwadon iko. Sun ce in an sauya masa wuri, a bar shi ya sanar da iyalinsa nan take. Sun ce kada kurkuku ya karɓi mutum ba tare da ingantacciyar takardar tsarewa ba. Don haka in kun je tambaya, ku je da ladabi, amma kada ku je kamar masu bara.

Mu kuma mutanen iyaka ne. Daga Garwa zuwa Yola tafiyar yini ce. Daga Kusiri zuwa Njamena gada ce kawai. Ɗan Mubi yana ɗaure a Marwa, ɗan Gider yana ɗaure a Yola, ɗan Cadi yana ɗaure a Garwa. In aka tsallaka da mutum iyaka, komai ya sake: harshen kotu, littafin doka, har nauyin hukunci. A Janairun 2018 aka kama Sisiku Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin masu jin Turanci, da abokansa a Abuja, aka ɗauko mutum 47 zuwa Yawunde. A Maris 2019 babbar kotun tarayya ta Abuja ta ce mayar da su ya saɓa wa doka. Amma an riga an tsallaka da su. A Agustan 2019 kotun soja ta Yawunde ta yanke wa shugabanninsu 10 ɗaurin rai da rai. Ba ra'ayinsu na siyasa nake karewa ba. Abin da nake so ku gani shi ne hukuncin da ya zo bayan an tsallaka bai dawo da kowa ba. Lauya kafin mota ta tashi ake nemansa.

In baƙo ne aka kama a garinku, ku gaya masa yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, yarjejeniyar Biyana ta 1963 ce ta ba shi. In naku ne za a dawo da shi ya ƙarasa ɗauri a gida, lauya ya duba sharuɗɗan kafin ya sa hannu. Ƙasashen Turai da suka ƙulla yarjejeniyar musayar fursunoni a 1983 sun kafa ƙa'ida mai kyau: ƙasar da ta karɓi ɗaurarre ba za ta tsananta masa hukunci ba, kuma a cire masa abin da ya riga ya yi. Wannan ma'aunin za mu riƙe a kowace iyaka tamu.

Na san abin da wasu ke faɗa a zaure. "Ai shi ya jawo wa kansa." "Ya zubar mana da mutunci, mu ba ruwanmu." Baba, na ji zafinka. Yaya, na san kunyar da kika sha a unguwa. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ya yi laifi, ya yi abin da alƙali ya yanke masa. Kada a rage masa da cin hanci, kada a ƙara masa da sakaci. Kwana ɗaya a kan abin da aka yanke zalunci ne. Kuma ku tuna, mafi yawan waɗanda ke ciki ba a ma tabbatar da laifinsu ba. Doka ta ce a hannun alƙalin bincike tsarewa wata 6 ce, in an tsawaita kada ta wuce wata 12 a ƙaramin laifi, 18 a babba. Ku shiga ku tambaya, za ku tarar da waɗanda suka wuce haka nesa.

Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga kurkuku ba da laifi ba. Ya roƙi wanda zai fita ya ambace shi a wajen sarki. Mutumin ya fita ya manta, Annabin Allah ya ƙara shekaru a ciki. Muna karanta wannan ƙissa tun muna makarantar allo, 'yan'uwanmu Kirista ma suna karanta ta a coci. Yau mu ne waɗanda ke waje. Kada mu zama mai mantuwar nan.

To me za mu yi? Mu fara da abin da ke hannunmu.

Ku sayi ƙaramin littafin makaranta yau. Ku rubuta ranar da aka kama shi. Ku rubuta wa ya kama shi, jandarma ne, 'yan sanda ne, ko soja. Ku rubuta ranar da ya shiga kurkuku, da lambar dosiyensa, da kotun da ke shari'ar, da ranar kowane zama. In an yanke hukunci, ku rubuta ranar, da shekarun, da tarar, da kuɗin shari'a. Ku je wajen magatakardan kotu ku nemi kwafin hukuncin. Ku yi fotokofi uku: ɗaya a gida, ɗaya wajen lauya, ɗaya a hannun shi ɗaurarren. Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya, ku tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. Sannan ku zauna ku lissafa ranar fitarsa da kanku. Ku je kurkukun ku tambayi ranar da suka rubuta. In lissafi ya sha bamban, kada ku kwana a kai.

In an ɗauke shi, kada ku tsaya a bakin ƙofa. Ku nemi ganin shugaban kurkuku. In bai gamsar da ku ba, akwai ofishin kula da gidajen yari na jiha. Akwai mai gabatar da ƙara na kotun da ta yi shari'ar, akwai babbansa a kotun ɗaukaka ƙara ta Garwa, ta Marwa, ta Ngaundere. Ku rubuta, kada ku tsaya ga baki. Ku sa a buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Maganar baki tana tashi da mai ita. Takarda mai hatimi tana nan ko an sauya ma'aikaci. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Kamaru, wadda dokar 2019 ta ba ikon shiga wuraren tsare mutane, tana da ofisoshi a jihohi, tana da lambar kira kyauta, 1523. Ku kira. Ku sake kira.

In kwanakinsa sun cika ba a sake shi ba, ko an riƙe shi ba takarda, ku ji wannan da kyau. Sashe na 584 na kundin tsarin shari'ar laifuka ya buɗe ƙofar neman saki nan take a gaban shugaban babbar kotu ta wurin da aka kama shi ko wurin da yake tsare. Ba sai shi ba. Ba sai ubansa ba. Kowa yana iya shigar da ita a madadinsa. Kowa! Maƙwabci, aboki, limami, malamar makaranta. Kai. Ke.

Ku nemi lauya na gaskiya, mai rajista da ƙungiyar lauyoyi, mai ofis, mai ba da rasit. Ku guji 'yan bakin kotu masu cewa "kawo kuɗi, na san alƙali." Gonaki nawa aka sayar, shanu nawa aka kaɗa kasuwa saboda su, yaro yana nan a ciki? In ba ku da hali, dokar 14 ga Afrilu 2009 ta kafa kwamitocin taimakon shari'a a kotuna don talakawa. Ku nemi takardar shaidar rashin hali a ofishin magajin gari, ku shigar da buƙata. In tuhumar mai kai wa ga kisa ce ko rai da rai, wajibi ne kotu ta naɗa masa lauya. In ba ya jin Faransanci, ku dage a samo masa tafinta. Kada ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba.

Gida ɗaya ba zai iya ba, na sani. Kuɗin mota zuwa Ngaundere, kuɗin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, masauki, abinci, lauya. Shi ya sa maganar ta unguwa ce. Iyayenmu mata masu adashe, ku ware kwasa ɗaya ta ɗaurarru. Limamai, ku yi huɗuba a kai, ku tuna wa masu zakka cewa mai bashi yana cikin masu cin ta, kuma ga masu bashi can a kulle saboda tara. Fastoci, ku ware baikon Lahadi guda. Alhazai 'yan kasuwa, kafin ku ƙara wa masallaci fenti, ku tambayi mutum nawa ne ke kurkukun garinku don kuɗin da bai kai na fentin ba. Ku biya a kotu, ku karɓi rasit, ku kai da kanku, ku tsaya har a buɗe ƙofa.

Masu martaba lamidai, sarakunan Hausawa, lawanai da jaurawa, Allah ya ja zamaninku. Ku sa a rubuta muku sunayen talakawanku da ke ɗaure da inda kowa yake. Maganarku tana shiga inda tamu ba ta shiga.

Ɗalibanmu masu karatun shari'a a Ngaundere da Marwa da sabuwar jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ga aiki ya same ku. Ku zauna da tsohuwar da ba ta iya karatu ba. Ku karanta mata hukuncin ɗanta da Hausa, da Fillanci, da harshen da take ji. Ku lissafa mata kwanaki. Ku rubuta mata wasiƙa. Lauyoyinmu na arewa, mun san ba ku da yawa, mafi yawan abokan aikinku suna Duwala da Yawunde. Kowannenku ya ɗauki dosiye ɗaya don Allah. Ya kira abokinsa na garin da aka kai ɗaurarren, ya ce masa ga amana.

'Yan'uwanmu na Birikitari a Yawunde, kurkukun Kondengi a kusa da ku yake. 'Yan'uwanmu na Niyu Bel a Duwala, kurkukun a unguwarku yake. Akwai 'yan arewa a ciki da ba wanda ya taɓa leƙa su. Ku zama iyayensu. Ku shiga ranar ziyara da sabulu da gari, ku tambayi sunansa da garinsu, ku buga waya gida ku ce yana raye. Direbobi masu bin hanyar Marwa da Garwa da Ngaundere, ku ɗauki ambulan ɗin takardun ɗaurarru kyauta. Masu shirye-shiryen rediyo, ku gayyato lauya ya yi bayanin kwana 10 ɗin nan har kowa ya haddace.

Ku kuma ma'aikatan kurkuku da na kotu, ku ma 'ya'yanmu ne, mun san aikin ya yi muku yawa. Abu uku muke roƙo. Dosiye ya hau mota ɗaya da mai shi. A sanar da iyali ranar da aka ɗauke shi. A rubuta wa kowane ɗaurarre ranar fitarsa, a ba shi ya riƙe.

Kada mu jira ƙungiya daga waje. Kada mu jira sai namu ya shiga. Mai ɗaurarre ya buɗe littafi yau. Wanda ba shi da kowa a ciki ya ɗauki na maƙwabci. Ku tambaya. Ku rubuta. Ku lissafa. Ku kai. Ku koma. Kafin Juma'a mai zuwa, kowace unguwa ta san 'ya'yanta nawa ne ke ɗaure, a wane gari suke, kuma wace rana ya kamata su fito.

Allah ya kuɓutar da wanda aka zalunta, ya shiryi wanda ya yi kuskure, mu kuma ya ba mu ikon tsaya musu. Ku tashi, 'yan'uwa, mu fara yau.